Wace Taya Ta Dace da Motar Shiga Daji? Tambayoyi da Amsoshi

Mai Hilux ko Land Cruiser ko Prado ko Pajero, ranar da canjin taya ya kama shi, yakan samu kansa a gaban shago cike da tayoyi masu kama da juna, kowacce ya taɓa mai shago ya ce masa ai ita ce ƙarshe. Kuɗin tayoyi huɗu ko biyar kuwa ba abin da za a yi kuskure a kansa ba ne a ce a sake gobe. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu irin waɗannan motoci, da amsoshinsu.

Me ake nufi da H/T da A/T da M/T da ake rubutawa a jikin taya?

Haruffan suna gaya maka irin ƙasar da aka yi tayar domin ta. H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana ne a matse, ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, kuma ita ce yawancin jif-jif ke fitowa da ita daga kamfani. A/T ta ko'ina ce, haƙoranta sun fi girma, ramukan da ke tsakaninsu sun fi zurfi, robarta ta fi jure yankan tsakuwa. M/T ta laka ce, mai manyan haƙora a warwatse har su gangaro gefe, an bar fili tsakaninsu domin taɓo ya riƙa fita idan tana juyawa. Akwai kuma R/T da ta shigo daga baya, wadda ke tsakanin A/T da M/T.

Ba wata hukuma da ke tantance waɗannan haruffa, kowane kamfani shi ke raɗa wa tayarsa. Shi ya sa za ka ga A/T ta wani kamfani kusan H/T ce da aka yi wa ado, ta wani kuma saura ƙiris ta zama M/T. Ka dubi tayar da idonka, ka sa yatsa cikin zanen, ka danna gefenta.

To wacce zan saya?

Kafin ka je kasuwa, ka zauna ka tuna inda motar ta taka a shekarar da ta wuce, ba inda kake burin ta taka ba. Idan kusan duk tafiyarka Kano zuwa Abuja ce, ƙauye sai da Sallah ko gaisuwar rasuwa, H/T mai kyau ta ishe ka, ko A/T mai sauƙin zane. Idan motar ta gona ce, ko ta aikin rigakafi, ko ta ɗan kwangila, ko ta fataucin hatsi daga kasuwannin ƙauye, wato yau kwalta gobe burji jibi jigawa, A/T mai ƙarfin gefe ita ce taka. M/T ta mutumin da damina ke samunsa kullum a cikin caɓi ce, wanda idan ya maƙale ba mai jawo shi.

A ganina, mafi yawan masu tambaya A/T suke buƙata, kuma da yawa daga masu yawo da M/T a titunan Abuja da Kaduna kwarjininta suka saya. Ba laifi ba ne, kuɗinsu ne. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: M/T tana gurnani a kwalta tun daga gudun kilomita 60 ko 70, tana ƙara shan mai saboda nauyinta, tana cinyewa da wuri, kuma abin da ya fi muni, idan aka yi ruwa a kan kwalta birkinta ba ya kamawa kamar na sauran, domin robar da ke taɓa ƙasa ba ta da yawa.

Ni yashi ne matsalata. Ba mai manyan haƙora ce za ta fi fitar da ni ba?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Haƙora aikinsu tono ne. A laka tonon yana da amfani domin tayar tana neman ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. A rairayi babu abin da za ta tarar a ƙarƙashi sai wani rairayin, don haka da zarar ta fara juyawa a wuri ɗaya sai ta haƙa wa kanta rami, cikin motar ya zauna a ƙasa.

Abin da ke tafiyar da mota a yashi shi ne ta hau kansa ba ta nutse ba, wannan kuwa aikin iska ne. Idan ka sace iska, wurin da tayar ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo sosai, ya ɗan ƙara faɗi, nauyin motar ya bazu, ta koma kamar tafin raƙumi. Ka dubi motocin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma ta cikin Tenere, ko masu shiga Yusufari da Machina a arewacin Yobe, ko masu wuce N'guigmi. Ba ka cika ganin tayoyi masu ban tsoro a ƙarƙashinsu ba. Dogayen tayoyi ne masu tsayin gefe, irin 7.50 R16 da Land Cruiser 'yar aiki ke zuwa da ita, direban kuma ya san lokacin sace iska da lokacin mayar da ita. Tayar XS da Michelin ta yi musamman domin sahara ma zanenta ba mai zurfin tono ba ne.

Saboda haka mutumin yashi ya nemi A/T mai tsayin gefe, wadda ke yarda ta kwanta idan an rage mata iska, ya ƙara da gejin awon iska da injin iska.

Damina fa? Mu wajenmu taɓo ne.

Nan M/T take cin kuɗinta. A jar laka mai santsi irin ta hanyoyin tsaunin Mambila a Taraba, ko fadamun Hadejiya da Nguru bayan ruwa ya kwanta, A/T takan cika da laka ta zama sumul, tana juyawa ba ta kama komai. M/T kuwa idan ka ɗan ƙara mata wuta sai ta watsar da abin da ya liƙe, haƙoran su sake fitowa.

Sai dai ita ma tana da iyaka. Baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Gamborun Ngala, idan ta sha ruwa ta koma danƙo, tana naɗe taya har ta cika madigadi, ko wace iri ce. A irin wannan wuri masu hankali jira suke yi rana ta ɗan busar da hanya.

Game da faɗi kuma, a lakar da ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, siririyar doguwar taya irin 235/85 R16 ta fi faffaɗa, domin tana yanka ta sauka ta kama. Faffaɗa yawo take yi a sama.

Lambobin nan, irin 265/65 R17, yaya ake karanta su?

265 faɗin tayar ne da milimita. 65 tsayin gefenta ne, amma ba da milimita ba, kashi 65 cikin 100 na faɗin ake nufi, wato kimanin milimita 172. R na nufin an shimfiɗa zaren cikinta daga baki zuwa baki, irin ɗinkin da kusan duk tayoyin zamani ke da shi. 17 girman rim ne da inci. Idan ka haɗa gefe biyu da rim, tsayin tayar gaba ɗaya ya kai kimanin milimita 776.

Akwai wani salon rubutun na Amurka, kamar 31x10.50 R15: tsayi inci 31, faɗi inci 10.5, rim inci 15. Girman da kamfani ya tsara wa motarka yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, tare da yawan iskar da ake so. Daga nan ake farawa.

Mai shago ya ce wata "ten fulai" ce, wata kuma "sikis". Gaskiya ne ko dabarar ƙara kuɗi ce?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba wai an jera shimfiɗa goma a cikin tayar ba. A da can da ake yin taya da zaren auduga ana ƙirga shimfiɗun da gaske. Yanzu da ake amfani da wayar ƙarfe da zaren roba, lambar ma'aunin ƙarfi ce kawai. Za ka ga 6PR ko 8PR ko 10PR, ko kuma haruffan C da D da E bi da bi. Yawancin masu C suna ɗaukar iska har psi 50 (psi ma'aunin iskar taya ne), masu D 65, masu E 80, kuma iskar ce ke ɗaukar nauyin.

Ka duba ko akwai LT a gaban lambar girma, kamar LT265/70 R17, ko C a ƙarshenta, kamar 205 R16C (wannan C dabam take da ta ma'aunin ƙarfi). Waɗannan tayoyin motocin ɗaukar kaya ne, jikinsu ya fi kauri, zanensu ya fi zurfi. A dajinmu, abin da ke kashe taya ba cinyewar zane ba ne. Kututturen dawa ko na itacen da aka sare a bakin gona, ƙayar aduwa da ta bagaruwa, bakin marmara mai kaifi, su ne ke farke gefe, gefe kuwa idan ya farke tayar ta gama aiki ko da jiya aka saye ta. Saboda haka idan kuɗinka zai kai ga abu ɗaya ne tsakanin zane mai kwarjini da gefe mai kauri, ɗauki gefe.

Sannan akwai lamba da harafi a ƙarshe, misali 112S. 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika. 115 kilo 1,215 ne, 120 kilo 1,400, 121 kilo 1,450. Idan ka ga lamba biyu kamar 120/116, ta farkon ita ce taka, ta biyun ta motar da ake haɗa taya biyu a gefe ɗaya ce. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyin da kamfanin motar ya rubuta. Kada kuma ka ɗauka cewa tunda ka sa masu E sai ka loda buhu ashirin a bayan a-kori-kura, domin aksul da sifirin da birki suna nan yadda suke.

Mai ƙaramar jif da ba ya ɗaukar kaya ba ya buƙatar E. Za ta yi masa tauri, ta riƙa jijjiga shi a gargada, ta ƙara masa shan mai. C ko D ta wadatar.

Zan iya sa wadda ta fi ta kamfani girma?

Mataki ɗaya yawanci ba ya kawo matsala. Daga 265/65 R17 zuwa 265/70 R17 tsayi yana tashi daga milimita 776 zuwa kimanin 803, cikin motar ya ɗaga da milimita 13 ko 14. Allurar maleji kuma za ta fara yi maka ƙarya: idan ta nuna 100, kana kan 103 da 'yan kai. Idan ka haura zuwa 285/70 R17, wajen milimita 831, bambancin ya kai kashi 7 cikin 100, a nan sai ka ji motar ta yi nauyin tashi, tana neman ƙaramar giya a hawa, birki ya ƙara nisa, tayar kuma tana iya gogar madigadi idan ka karya sitiyari har ƙarshe ko ka faɗa rami da kaya.

Kafin ka biya, a ɗaura guda ɗaya a gaba, a karya sitiyari dama da hagu, a leƙa. A kuma gwada ko safayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, abin da mutane ke mantawa sai an gama ciniki.

Motata ta zo da rim 20. Zan iya shiga daji da shi?

Za ka iya, amma ba daɗi. Tayar 265/50 R20 gefenta milimita 132 ne da rabi, ta 265/70 R16 kuwa 185 da rabi, alhali tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne. Wannan bambancin shi ne abin da ke tsakanin rim ɗinka da dutse, shi ne kuma ke ba ka damar sace iska. Rim 16 ko 17 ya fi dacewa da daji, muddin ya wuce kan birkin motar bai taɓa ba. Na ƙarfe idan ya lanƙwashe ana buga shi da guduma a ci gaba da tafiya, na alminiyam tsagewa yake yi.

Iska nawa ya kamata in sa?

A kwalta, abin da ke rubuce a ƙofar direba, ga yawancin waɗannan motoci tsakanin psi 29 ne da 36, ana ƙara wa na baya idan an yi lodi. Idan ka koma tayar LT daga ta ƙananan motoci, za ta so ƙarin iska kafin ta ɗauki nauyi ɗaya da waccan. Lambar da ke jikin tayar kanta, wadda masu faci da yawa ke dubawa, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so ka riƙa yawo da shi ba. Hilux da ba kaya a psi 55 tsalle take yi a hanya, tsakiyar tayar ya cinye ya bar gefe, kuma taya mai tauri haka ta fi saurin hujewa a kan tsakuwa.

A burji mai gargada gogaggun direbobi kan sauko wajen 26 zuwa 28, su rage gudu. A yashi mai laushi 16 zuwa 18. Idan an maƙale ana iya sauka ƙasa da haka domin a fita kawai, amma a nan tayar tana iya zamewa daga bakin rim idan aka karya sitiyari da ƙarfi. Mota mai kaya ba za ta sauka kamar marar kaya ba. Sharaɗin duka shi ne duk lokacin da iska ta ragu gudu ma ya ragu, a yashi kada a wuce kilomita 40 ko makamancin haka, kuma da an hau kwalta a mayar da iskar nan take, ba sai an kai gari ba.

A Nijar da Chadi da Kamaru geji yawanci da bar yake ƙirga. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, don haka bar 2.2 kusan psi 32 ke nan. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota. Bugun taya da sifana a saurari ƙara ba awo ba ne.

An ce a lokacin zafi a rage iska don kada taya ta yi bindiga. Haka ne?

Akasin haka ne, kuma wannan maganar ta jawo asarar rayuka. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin yana haifar da zafi a cikinta, zafin ya raba roba da wayar ƙarfe, sai zanen ya ɓalle ko ta fashe. Ka haɗa wannan da kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, da lodi, da gudun 120.

An ga haka a fili a Amurka. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, mafi yawansu a kan jif ɗin Ford Explorer, bayan zane ya riƙa ɓallewa motoci suna kifewa. Abin ya fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma samu irinsa a Saudiyya da Benezuwela. Ɗaya daga abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai shi ne iska: Ford ta rubuta psi 26, Firestone ta ce 30 ya fi dacewa.

Iskar taya tana hawa da kanta idan ta ɗauki zafi, kimanin psi 1 a duk ƙarin digiri 5 ko 6, kuma masu ƙera ta sun san da haka. Ka auna da safe kafin motar ta motsa. Idan ka tsaya a hanya ka ga ta ƙaru da 4, kada ka sace.

Yaya zan gane shekarun taya?

Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga su, sai ka juya tayar. Idan lambobi uku ka gani, an yi ta kafin 2000 ke nan, ba ta da wurin zama sai bakin rijiya.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta daɗe tana jan kunne a kan shekara 4 daga ranar ƙerawa. Kamfanonin mota da yawa suna cewa 6, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai 5, kada ta wuce 10 ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. A zafinmu roba ta fi saurin bushewa, don haka lissafin kusa ya fi aminci. Wajen saye, ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba, ka duba dukkansu ɗaya bayan ɗaya, kada ka duba ta sama ka yarda da na ƙasa.

'Yar Beljiyam fa? Wasu sun ce ta fi sabuwar Chaina ƙarko.

Tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su, duk da haka kasuwa cike take da su, saboda tsadar sababbi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala.

Matsalar ta gwanjo ita ce ba ka san tarihinta ba. Zane yana iya zama da kauri alhali an taɓa tafiya da ita a sace har zaren ciki ya karye. Wasu kuma tayoyin sanyi ne daga Turai, masu laushin roba da ƙananan tsage-tsage birjik a kan haƙora, an yi su domin ƙanƙara, zafinmu yana cinye su da wuri. Alamar dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki tana jikinsu, amma ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin A/T masu kyau da yawa ma suna ɗauke da ita. Akwai kuma sababbin da ake cusa wa juna, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don a rage kuɗin kwantena. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama irinsu. Cusawar da zarowar suna lanƙwasa wayar bakin taya.

Idan dole ta sa, a cire ta daga rim ka leƙa cikinta. Ka ga faci a gefe, ko garin roba, ko wani layi da ya yi duhu ya zagaye ciki, ko ƙullutu, ko tsagewa a gindin haƙora, ka bar ta. Motar da za ta kwana a daji kuwa, sabuwa mai matsakaicin suna da kwanan wata na kusa ta fi tsohuwa mai babban suna.

Wane kamfani ya fi?

Ba guda ɗaya. BFGoodrich, wadda ke ƙarƙashin Michelin, ita ta fito da All-Terrain T/A a 1976, samfurinta KO2 kuma ya yi suna wajen ƙarfin gefe, sai dai tsada da nauyi. Akwai Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar, Dunlop Grandtrek, Goodyear Wrangler, Cooper Discoverer, Toyo Open Country, Falken Wildpeak, General Grabber, Hankook Dynapro, da Maxxis ta Taiwan. Kowane suna a cikin waɗannan iyali ne, a ƙarƙashinsa akwai ta kwalta da ta ko'ina, wasu har da ta laka, don haka "Dueler" kawai bai gaya maka komai ba sai ka ga haruffan da ke biye.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: idan ɗaya ta fashe a Gembu ko Tanut, zan samu irinta a kusa? Girman da Hilux da Land Cruiser ke amfani da shi ana samunsa kusan ko'ina. Baƙon girma sai an aiko daga Legas.

Kuɗina na biyu ne kawai. In sa biyu yanzu, biyu daga baya?

Ya danganta da motar. Irin Hilux, wadda ƙafafun baya ke ja sai an sa mata giyar ƙafa huɗu, tana jure haka, in dai girman ɗaya ne kuma biyun da ke kan aksul ɗaya iri ɗaya ne. Sababbin a baya ake sa su, domin idan baya ya zame a kan ruwa ba a iya tare shi da sitiyari. Irin Prado da manyan Land Cruiser, waɗanda ƙafa huɗun ke ja kullum, sun fi son a canza duka tare, saboda bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana sa giyar tsakiya aiki ba hutawa. A/T a gaba M/T a baya, ko girma biyu daban-daban, wannan kam a'a.

Mai tif ko tubles?

Ga yawancin mutane tubles. Idan ƙaya ko ƙusa ta shige ta, a hankali take sacewa, kuma ana toshe hujin da zaren roba mai danƙo ba tare da an cire ta daga mota ba. Wannan toshiyar ta kai ka gari ce, a can a yi mata faci ta ciki. Hujin da ya wuce milimita 6, ko wanda ke gefe, ba ya faci na aminci, ko da mai faci ya rantse.

Land Cruiser 'yar aiki mai rim ɗin da ke rabewa biyu tana amfani da tif, kuma masu nisan daji suna sonta domin mutum ɗaya da ƙarfe biyu zai iya buɗe ta a gindin bishiya. Illarta, tif yana sacewa gaba ɗaya lokaci guda, yana gogar cikin taya ya yi zafi idan iska ta yi ƙasa, zoben rim ɗin kuma idan bai zauna daidai ba yana iya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. Kada kowa ya tsaya a gabansa ana ba shi iska.

Me zan riƙe a mota bayan tayoyin?

Safaya mai girma ɗaya da sauran, da iskarta, ba tsohuwar da ta shekara bakwai a ƙarƙashin bodi ba. Tafiyar sahara biyu ake ɗauka. Sai geji, injin iska mai aiki da batirin mota, kayan toshe huji, bawul na ajiya, jak mai kyau da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai a yashi, da shebur. Idan tayarka mai kibiya ce a gefe, wato mai juyawa ta fuska ɗaya, ka sani safayarta gefe ɗaya kawai ta dace da shi, dalili ke nan da masu daji ba su cika son irinta ba.

Bayan an ɗaura, me ya rage? Yaushe kuma zan san ta gama?

A yi balansin, a yi alaimen, a sa sababbin bawul. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure notuna. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya su gaba da baya, a riƙa shigar da safaya cikin juyin domin biyar ɗin su tsufa tare. M/T ta fi buƙatar wannan, in ba haka ba haƙoranta su ci gefe ɗaya, gurnanin ya ninku. Mai Hilux kuma ya cire giyar ƙafa huɗu da zarar ya hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba tayoyi da giya duk suna wahala a kowace kwana.

A cikin ramin zane akwai wasu 'yan tudu da aka yi a tsayin milimita 1.6. Idan zane ya yi daidai da su, tayar ta ƙare ko a kwalta. Ta daji tana daina amfani tun kafin nan: A/T ko M/T da ta sauko wajen milimita 4 ba ta kama laka, ƙaya kuma tana ratsa ta cikin sauƙi. Idan damina ta kusa kuma naka sun kai nan, ka canza tun kafin ruwan farko.